Hudu Darakta da Idon Kyamarar Damagaram

A layin masu gyaran waya da ke bakin kasuwar Gumel akwai wani mutum mai suna Hudu, wanda ya raɗa wa kansa laƙabin Darakta, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin abin da yake daraktan. Sana'arsa ta ainihi manna gilashi a fuskar waya ce. Ita ma sau da yawa a karkace yake manna shi, in mai waya ya yi ƙorafi ya ce masa idonsa ne a karkace. Inda ya fi ƙwarewa shi ne teburin Ɗanjuma mai shayi, nan yake zama kullum da yamma yana yi wa mutane bayanin abin da ya kalla a waya kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Wata rana a farkon damina ya ci karo da bidiyon wani Bature. Baturen ya cire idon sabuwar kyamara, wato gilashin nan na gaba da haske ke shiga ta cikinsa, ya ɗaura mata wani tsoho na zamanin da ake wanke fim. Hotunan da ya nuna sun yi kyau, mutum ya fito raɗau, bayansa kuwa ya narke kamar man shanu a kan wuta. Datar Hudu ta ƙare a daidai inda Baturen ya fara lissafa matsalolin abin, amma shi a wurinsa karatu ya kammala. Da yamma ya sanar da majalisa cewa duk masu hoton Jigawa ɓata wa mutane fuska suke yi, domin idon kyamarar zamani roba ne, sirrin hoto yana cikin tsohon gilashi, kuma daga nan har Dutse shi kaɗai ya san wannan. Ɗanjuma ya tambaye shi ko yana da kyamara. Hudu ya ce wannan tambayar ta nuna iyakar tunanin mai dafa ruwa.

Ranar kasuwar Maigatari ya hau acaɓa ya tafi farautar tsohon gilashi. Can bayan inda manyan motoci ke sauke kaya ya tarar da wani Barau, mutumin Damagaram, ya baza tarkace a kan tamfol: matattun rediyo, makullai marasa ƙofa, agogon bango mara hannu. A cikin tarkacen akwai idon kyamara guda biyu. Ɗaya gajere ne mai kauri, gilashinsa ya yi ɗorawa kamar tsohon man gyaɗa. Ɗayan dogo ne kamar taɓarya, cikinsa cike da fararen zaruruwa kamar yanar gizo-gizo. Barau ya ce daga shagon wani mai hoto da ya rasu a Damagaram aka kwaso su, kuma shi dogon da shi yake danne tamfol in iska ta taso.

Hudu ya ɗaga dogon sama, ya rufe ido ɗaya, ya duba rubutun da ke jikinsa. Ko harafi ɗaya bai gane ba, amma ya ce Jamusanci ne, kuma da irinsa aka ɗauki yaƙin duniya.

“Mushe, wannan farin da ke ciki fumfuna ce fa,” in ji Barau. “Damina ta ci shi a ɗaki.”

“Jijiyoyin gilashi ne,” Hudu ya ce. “Sai gilashi ya tsufa yake fitar da su. Kai dai sayarwa ka iya.”

Barau bai ƙara musu ba. Ya naɗe masa su a tsohuwar jarida, yana ta kiransa Mushe, wato “Yallaɓai” a bakin masu Faransanci, shi kuwa Hudu har ya iso Gumel kansa a kumbure yake.

Saura kyamara. Ƙanwarsa Humaira tana auren Saifuddeen, mai shagon hoto a kusa da tasha, wanda ya yi shekaru yana tari kafin ya mallaki kyamara guda ɗaya mai kyau, kuma da ita yake ci da gidansa. A wannan makon zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ga shi ya karɓi aiki a Sule Tankarkar. Za a yi bikin sallamar Mama Magdalena, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ta zo garin tun tana budurwa, ta karɓi haihuwar kusan rabin mutanen yankin, yanzu ta yi ritaya za ta koma gida. Saifuddeen ya yi niyyar miƙa aikin ga wani abokin sana'arsa.

Hudu ya je gaida mara lafiya, ya zauna a bakin tabarma ya ƙi tashi. Ya ce wa Humaira abin kunya ne a kai aikin gida waje alhali ga yayanta, wanda har Turawa ke bin tsarinsa. Humaira ta ce ita ba ta taɓa ganin ya ɗauki hoton ko kaza ba. Ya ce ai kaza ba ta isa ba. Haka ya yi ta yi, har Saifuddeen, wanda kansa ke sarawa kuma babu abin da yake so illa shiru, ya miƙa masa jakar kyamarar.

“Yaya Hudu, na riga na saita komai. Ka nuna, ka danna, shi ke nan. Idon nan da ke jiki kada ka taɓa shi.”

Hudu ya yi alkawarin ba zai taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. Kafin ya kai ƙarshen layin ya cire shi.

Nan matsala ta farko ta ɓullo. Tsohon ido murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba, ita kuwa sabuwar kyamara maƙala mata ake yi. Ya murɗa, ya danna, ya tofa miyau, abu ya ƙi shiga. Masu gyaran waya suka ce akwai wani zobe da ake kira adafta mai haɗa su, sai dai a aika Kano. Hudu ya ce adafta ta ragwaye ce. Ya nufi wurin Ilu, maƙerin da ke yin mazurari da fitilar aci-balbal, ya sa shi ya fasa gwangwanin tumatir gaba da baya. Suka kafa bakin gwangwanin a bakin kyamara, suka zuba masa gam har ya tsiyayo, suka ɗaure da robar tiyub. Ɗaya bakin kuma aka yi masa naɗin roba yadda za a riƙa cusa ido ana zarewa. Ilu ya kira mutum biyu shaida cewa shi mazurari ya yi, duk abin da ya biyo baya ba da shi ba.

Gwajin farko a kan Ɗanjuma aka yi. Hudu ya cusa gajeren ido, ya nuna, ya danna, kyamara ta ƙi. Ya yi ta latse-latse har ta gaji ta yarda. Sai kuma ya tarar da cewa tsohon ido ba ya saita kansa, da hannu ake murza shi, kuma saboda tsawon gwangwanin babu abin da ke fitowa sai wanda ke dab da hanci. Ya matsa har numfashinsa na bugun kumatun mai shayi. Da aka taru a kan hoton, kunnen Ɗanjuma ne ya cika shi, har gashin ciki ana iya gani. Ragowar fuskar ta yi ɗorawa shar, kofuna da tukunyar shayi a baya suna juyawa kamar guguwa ta ɗebe su.

“Wannan ni ne, ko wani mai ciwon shawara ka ɗauko daga asibiti?”

“Launin zinare ne. A Turai sai mai hali ake yi wa.”

“To mayar da ni mara hali.”

Wani dillalin shanu mai suna Manu, mutumin Gagarawa, ya ji cika-bakin bai ga hoton ba. Yana da farin bijimi da yake son tura hotonsa ga wani mai saye a Legas, sai ya ɗauki Hudu a babur har garke. Bijimin bai yarda a matso masa hanci ba, ya kora Darakta kan katanga, daga can ya yi ta dannawa. Aka tura abin da ya samu. Ba a jima ba mai saye ya turo saƙon murya, yana tambaya wace cuta ce ta mayar da sa ruwan ɗorawa, kuma me ya sa ƙafafunsa suka narke. Ya ce ya fasa, kada a sake kiransa. Manu ya ɗauki sandar kiwo. A ƙafa Hudu ya fito titi, amma da ya iso majalisa cewa ya yi yanzu haka a Legas zancen aikinsa ake yi.

Ranar bikin ya bar idon Saifuddeen a ƙarƙashin matashin kai, ya ce ba zai ɗauki roba ta ja masa raini ba. Ya sa wata falmaran ta gwanjo mai aljihuna birjik, ya juya hular hana-salla baya, ya rataya mayafi a wuya duk da zafin da ake yi. A farfajiyar asibitin Sule Tankarkar an kafa rumfa, an jera kujerun roba. Ga matan coci cikin ankonsu, ga malamai da limamai, ga ma'aikata, ga tsofaffin mata daga Ɗanzomo da ƙauyukan kewaye, wasu riƙe da jikoki, wasu tare da ƙartan maza masu gemu waɗanda Mama Magdalena ce ta fara ɗaga su a duniya. Ita kuma tana zaune a tsakiya, gajeriya, mai farin gashi da tabarau. A bakin ƙofa motar da aka loda wa kayanta tana jira.

Mai gabatar da taron wani Elias ne, abokin aikinta. Hudu ya ja shi gefe ya ce dole kowa ya kashe wayarsa ya sa a aljihu, domin hasken waya yana firgita tsohon gilashi. Elias ya dube shi, ya dubi gwangwanin da har yanzu hoton tumatir ke jikinsa, ya tambaya ina Saifuddeen. Hudu ya ce ai Saifuddeen ɗalibinsa ne, yau malamin ne ya zo da kansa. Elias ya sanar a lasifika, mutane suka bi, don kada su ɓata wa Mama hotonta.

Aka fara jawabai. Duk wanda ya miƙe, sai Hudu ya taho ya kafa masa gwangwani a fuska yana murza ido yana tsaki. Wani dattijon malami yana cikin yi wa Mama addu'a, ya buɗe ido ya ga gilashi a cikin gemunsa, addu'ar ta kuɓuce masa sai da ya sake daga farko. Shugabar matan coci ta ja da baya, Hudu ya bi ta, ta sake ja, ya sake bi, har ta zauna a cinyar wata.

“Malam, hoto kake ɗauka ko ciwon ido kake dubawa?” Elias ya tambaye shi, ya manta lasifika na kunne.

Jama'a suka yi dariya. Hudu ya ɗaga hannu ya amsa, a zatonsa yabo ne.

Daga nan aka zo babban abin da ya tara mutane, hoton kowa da kowa tare da Mama, wanda za a sa a firam ta tafi da shi. Aka fito daga rumfa aka jeru a rana, tsofaffi a gaba, dogaye a baya. Hudu ya ce wannan aikin babban ido ne. Ya zare gajeren ya jingina shi da wata kwalla a kan teburin kyaututtuka, kusa da turmin atamfar da matan gari suka haɗu suka saya wa Mama, ya cusa dogon ya ƙara roba.

Da ya leƙa, maɓallin rigar Mama kawai ya gani. Ya ja da baya. Ya ga wani abu kamar haɓa. Ya ƙara ja har ya fita daga ƙofar asibitin, yanzu kawuna uku yake gani, amma sun dame kamar an zuba su a fura. Ya murza ido har ƙarshe, babu canji. Ya yanke cewa nisan ne bai isa ba, ya tsallaka titi da baya da baya. Ranar kasuwar garin ce, babura da amalanke na ta wucewa, duk sanda zai danna sai buhun gero ya gitta. Wani ɗan acaɓa ya tambaye shi ko bindiga ce, ya ce masa ya wuce, ba zai gane ba.

Daga can yake ba da umarni, amma babu mai jinsa. Sai ya koma nuni da hannu. Ya yi ƙasa da hannu, kowa ya durƙusa. Ya kaɗa shi don korar ƙuda, kowa ya matsa hagu, na ƙarshen layi suka faɗa cikin shukar masara. Gumi ya jiƙe ankon mata, jarirai suka fara kuka, tsofaffi suka fara zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mama Magdalena ta tsaya cak da murmushinta, har murmushin ya bushe a fuskarta.

Wata mata ce ta fara jin ƙauri. Ranar da ke ratsa gajeren idon nan ta taru a wuri ɗaya a kan atamfar, ta huda leda, ta ci ninki bayan ninki, har hayaƙi ya tashi. Layi ya watse. Wasu suka yi kan teburin da ruwan leda, wani ya kwara wa kyaututtukan zoɓo gaba ɗaya.

Hudu bai ga wuta ba. Shi dai ya ga furarsa tana motsi. Ya ɗaga murya yana cewa mutanen ƙauye ba su iya tsayuwar hoto ba, ya ƙara ja da baya don ya kamo su duka. A bayansa akwai ramin da masu bulo suka haƙa, ruwan sama ya cika shi ya zama taɓo. Ƙafarsa ta taka iska. Ya tafi da baya, ƙafafu a sama, ya nutse har wuya. Ya yi ƙoƙarin ɗaga kyamarar sama, amma gam ɗin da rana ta narkar ya saki, dogon ido ya sulluɓo ya daki goshinsa ya nutse, bakin gwangwanin ya yanke masa tafin hannu, taɓo ya shiga cikin kyamarar ta ƙofar da aka bar mata a buɗe.

'Yan acaɓa ne suka zaro shi da igiyar ɗaure kaya. Suka rako shi asibitin, 'yan kasuwa na biye, yana ɗiga kamar an tsamo shi daga miyar kuka. Bai jira an tambaye shi ba ya fara bayani: an haƙa rami ba bisa ƙa'ida ba, kuma zai kai ƙara.

Elias ya karɓi kyamarar ya goge bayanta da hankici. Ta kawo haske. Jama'a suka yi cincirindo, shi kuma yana wucewa da hotunan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ya gani. Ga ƙofar hanci. Ga gemu. Ga haƙorin Makka na wata, ba a san mai shi ba. Ga wani abu ruwan ɗorawa da aka yi ta gardama a kai, wasu suka ce kunne ne, wasu suka ce ƙosai. Ga fura, ga fura, ga fura. Babu hoto ko ɗaya da za a nuna wa mutum ya ce wannan Mama Magdalena ce. Daga nan kyamarar ta yi wani ɗan ƙara ta mutu.

“Sai an wanke suke fitowa,” in ji Hudu.

“Ai ga shi ka wanke su,” wata tsohuwa ta ce.

Elias ya kira Saifuddeen ya gaya masa halin da ake ciki. Humaira ce ta karɓe wayar daga hannun mijinta, kuma ba a sa ta a lasifika ba amma na nesa ma sun ji. Ta ce a gaya wa yayanta kada ya biyo ta ƙofar gidansu, ya aiko da abin da ya rage na kyamarar ta hannun direba. Hudu ya ce wa na kusa da shi gaisuwa take yi.

A lokacin hadari ya haɗo daga gabas. Matan ƙauye da ke da nisa suka ɗauki jikokinsu suka kama hanya, malamai suka tafi salla, direban motar kaya ya fara danna oda. Aka kunna wayoyi a gurguje, amma layin da aka tara ba zai sake taruwa ba. Hoton da Mama ta samu shi ne ita da mutanen da ba su kai cikin benci biyu ba, tana riƙe da atamfar da in an warware ta huda ke bin ta daga farko har ƙarshe, jiƙe da zoɓo.

Hudu ya so ya sulale ta bayan rumfa. Mama Magdalena ta ga jinin da ke ɗiga daga hannunsa, ta dubi tsatsar da ke bakin gwangwanin, ta ce a riƙe mata shi. Ta riga ta miƙa makullai tun da safe, amma ta aika aka buɗe ɗakin magani, ta sa safar hannu a kan kayan bikinta. Aka zaunar da shi a benci a gaban kowa. Ta wanke ciwon, ta naɗe shi, sannan ta fito da allurar da ake yi wa wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka. Da ganin allura Darakta ya ce shi jininsa mai ƙarfi ne, ba ya buƙata, kuma ya taɓa kallon wani likita a waya yana cewa an daina yayinta. 'Yan acaɓa biyu suka danne masa kafaɗu.

Tana goge masa damtse da auduga ta tambaye shi a hankali, “Ɗana, a ina aka haife ka?”

“A Gumel, Mama. A gida.”

“Ka tabbata ba a nan ba? Babarka ba ta taɓa zama Ɗanzomo ko wani ƙauye kusa ba?”

Ya rantse mata ba ta taɓa ba.

“To na gode wa Allah,” ta ce. “Da ni na karɓo ka, da wannan ritayar ba za ta yi mini daɗi ba.”

Ta soka allurar. Ihun da Hudu ya yi, har masu awon gero a cikin kasuwa sai da suka ɗaga kai.